Kalmomin Iska da Turawa Suka Aro daga Yunanawa

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, sau da yawa yaro ya kan haddace doguwar kalmar Ingilishi kamar aku, gobe a tambaye shi ya yi tsuru-tsuru. Maganin wannan shi ne malami ya feɗe kalmar gaɓa-gaɓa, kamar yadda malamanmu na Unguwar Juma da Kona su ke yi wa kalmar Larabci har su kai ga asalinta. Bari mu gwada da kalmomin iska, gama da yawa daga cikinsu daga bakin Yunanawa aka aro su.

Yunanawa na ce wa iska aer, daga nan ne air ta samo asali. Filin tsere kuwa dromos su ke ce masa. Haɗa su biyu ka sami aerodrome, watau filin da jirgin sama ke sheƙawa kafin ya tashi, irin wanda ke nan Zariya, inda aka kafa makarantar koyon tuƙin jirgi cikin 1964. Atmos tururi ne, sphaira kuwa ƙwallo, saboda haka atmosphere ita ce iskar da ta lulluɓe duniya. Baros nauyi, metron awo: barometer ke nan, ma'aunin nauyin iska, wanda Torricelli mutumin Italiya ya ƙago cikin 1643. Anemos iska ce mai kaɗawa, to, kun ga anemometer ba ta bukatar fassara.

Numfashi kuma pneuma ne, huhu pneumon. Daga nan aka sami pneumonia, ciwon huhu, da pneumatic, abin da a ke hura wa iska kamar tayar keke. Harafin farkon nan da Bature ba ya furtawa, Yunanawa suna furta shi.

Kada mu ɗauka ilmin nan baƙo ne gare mu. Wajen ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, wani masaninsu Empedocles ya ce tushen kome huɗu ne: wuta, iska, ruwa da ƙasa. Aristo ya bi shi a kan haka. Sa'an nan aka juya littattafansu zuwa Larabci a Bagadaza, musamman zamanin Halifa Ma'amun, 813 zuwa 833. Shi ya sa malamin hisabi a cikin Birni ya ke kasa haruffa zuwa nari, hawa'i, ma'i da turabi. Ashe rijiya ɗaya muka sha da Turawa, guga ne ya bambanta.

Amma bincike ya nuna iska ba abu guda ba ce, gauraye ce: cikin kashi 100, wajen 78 naitirojin ne, 21 iskar oksijin da mu ke rayuwa da ita. Ra'ayin Yunanawa ya kau, kalmominsu sun zauna.

Saboda haka, in kun shiga aji, ku rubuta tushen a allo, ku bar yara su haɗa da kansu. Wanda ya riƙe tushe goma ya fi wanda ya haddace kalma hamsin bai san kansu ba. Allah ya ba mu ilmi mai amfani, amin.