Ido da Kwarminsa: Yadda Aka Gina Su da Yadda Za a Kiyaye Su

Abin da mutum yake gani na idonsa in ya dubi madubi, wato fari da baƙi, bai wuce kashi ɗaya cikin shida na ƙwayar ido ba, sauran kuwa yana ɓoye cikin ƙashi. Sanin wannan ɓoyayyen gini yana da amfani ga kowa, domin da shi ne ake gane cutar da likita yake iya gyarawa ko da ta daɗe, da kuma wadda in ta yi ɓarna ba a mayar da abin da ta lalata.

Kwarmin Ido

Kwarmin ido shi ne ramin ƙashin da ƙwayar ido take zaune a ciki. Ƙasusuwa 7 ne suka haɗu suka yi shi: ƙashin goshi ya yi rufinsa, ƙashin kunci ya yi gaban bangonsa na waje, ƙashin muƙamuƙin sama ya yi yawancin daɓensa, sauran huɗun kuma suna can ciki wajen hanci da gindin ƙoƙon kai. Siffarsa kamar ta mazurari ce, yana da faɗi a baki, yana tsukewa zuwa ciki har santimita 4 zuwa 5, inda akwai kafar da jijiyar gani take bi ta shiga ƙwaƙwalwa. A jikin baligi ramin yana ɗaukar kimanin mililita 30, ƙwayar ido kuma ba ta cika fiye da mililita 7 ba, ragowar wurin kitse ne da tsokoki da jijiyoyi da hanyoyin jini. Kitsen nan shi ke tallafe ƙwayar, shi ya sa idanun wanda ya rame ƙwarai, ko yaron da gudawa ta ƙarar masa da ruwan jiki, suke zurmawa ciki.

Bangwayen kwarmin ba ƙarfinsu ɗaya ba. Bakinsa yana da kauri, amma bangon da ke wajen hanci bai kai rabin milimita ba, daɓen kuma yana kan wani kogon iska ne na ƙashin fuska. Saboda haka naushi ko ƙwallo mai ƙarfi yana iya fasa daɓen, tsoka ta maƙale a tsagar, mutum ya riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Haka kuma ƙwayoyin cuta suna iya ratsowa daga kogunan hanci, musamman ga yara, fatar ido ta kumbura tare da zazzaɓi, kuma wannan lamari ne na asibiti nan take, tun da ƙwaƙwalwa tana daf da wurin.

Tsokoki 6 ne suke juya kowace ƙwaya sama da ƙasa da gefe, ƙarƙashin umarnin jijiyoyi 3 da suka fito daga ƙwaƙwalwa. Idan aikinsu bai daidaita ba sai a sami harara-garke, wanda ya kamata a kai yaro mai shi ga likita tun yana ƙarami, kafin ƙwaƙwalwa ta saba da ƙyale ido ɗaya. A saman kwarmin ta gefen waje akwai matsatsar hawaye, hawayen kuma in sun wanke ido sai su bi wata siririyar hanya su sauka cikin hanci, dalilin ke nan da hancin mai kuka yake zuba.

Ƙwayar Ido

Faɗin ƙwayar ido kimanin milimita 24 ne, nauyinta kuma gram 7 da ɗoriya, an kuwa lulluɓe ta da rufi hawa uku. Na waje shi ne farin ido mai tauri, wanda daga gaba ya zama garai-garai don haske ya wuce, ana kiran wannan sashe koniya. Kaurinta a tsakiya kimanin rabin milimita ne, ba ta da hanyar jini ko ɗaya, amma ita ke yin kashi biyu cikin uku na aikin tattara haske. Duk abin da ya bar mata tabo, ko ƙyanda ko amosanin ido ko tsinke ko maganin da aka ɗiga ba bisa sani ba, sai ya zama hakiya ya tare gani.

Rufi na tsakiya cike yake da hanyoyin jini masu ciyar da ido, daga gaba kuma ya zama zoben nan mai launi wanda yake da kafa a tsakiyarsa. Kafar tana tsukewa zuwa milimita 2 cikin rana, ta buɗe har milimita 8 cikin duhu. Bayanta akwai madubin cikin ido, wanda yake sauya kaurinsa don a ga na kusa da na nesa. Bayan shekara 40 yana yin tauri har karatu ya buƙaci tabarau, in kuma ya dushe shi ne ake kira yanar ido. Tsakanin koniya da madubin akwai wani ruwa da ido yake samarwa yana kuma fitarwa kullum. Idan mafitarsa ta toshe sai matsinsa ya wuce ƙa'ida, wadda take tsakanin 10 da 21 a ma'aunin likitoci, ya riƙa kashe jijiyar gani sannu a hankali, galibi ba tare da zafi ba. Wannan shi ne hawan jinin ido.

Rufi na ciki shi ne tantanin gani, inda hoto yake sauka a kife, kamar yadda masanin nan Bajamushe Johannes Kepler ya bayyana a 1604, bayan Ibnul Haisam, mutumin Basra wanda ya rasu a Alƙahira wajen 1040, ya riga ya tabbatar da cewa haske ne yake shiga ido daga waje. A tantanin akwai ƙwayoyi fiye da miliyan 90 masu gani cikin duhu, waɗanda rashin sinadarin bitamin A yake raunanawa har a sami dundumi, da wasu kimanin miliyan 5 masu rarrabe launi. Saƙonsu yana bin jijiyar gani, mai zaruruwa fiye da miliyan 1, zuwa sashen ƙwaƙwalwa da ke ƙeya, a can ne ake fahimtar abin da aka gani.

Abin da Ya Kamata a Yi

Madubin ido in ya dushe ana cire shi a sa na roba, gani ya dawo, amma jijiyar gani da tantanin gani in sun mutu ba sa sake tohowa. Binciken makanta na ƙasa da aka yi a Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya nuna cewa kashi 4.2 cikin ɗari na masu shekara 40 zuwa sama makafi ne, yanar ido ce ta jawo kashi 43 na wannan makanta, hawan jinin ido kuma kusan kashi 17, kuma kashi 84 cikin ɗari da an iya hana ta ko a warkar da ita.

Saboda haka duk wanda ya kai shekara 40, da mai ciwon sukari, da wanda aka taɓa samun hawan jinin ido a gidansu, ya kamata ya riƙa zuwa awon ido ko da ba ya jin komai. Kada a miƙa ido ga masu tura yanar ido ciki da allura, domin madubin da suka tura yana nan cikin ƙwayar, sau da yawa kuma yana jawo kumburi da makanta. Masu walda da masu fasa dutse su sa tabarau na kariya, iyaye su yi wa yara rigakafin ƙyanda, su kuma riƙa wanke musu fuska. Akwai Cibiyar Kula da Ido ta Ƙasa a Kaduna, da Asibitin Ido na ECWA a Kano, da sassan ido a manyan asibitocin jihohi, kuma wanda ya ga sauyi a ganinsa ya nufi ɗaya daga cikinsu ba tare da jinkiri ba.