Zaurukan Masu Son Girki a Iyakar Jibiya

Wani mai sauraro daga Jibiya ya tambaya, mene ne zaurukan masu son girki. Zaure a nan yana nufin rukunin mutane a Facebook ko WhatsApp, inda ake koya wa juna haɗa dambun zogale ko yajin kilishi, ake kuma tallata cukui, wato busasshen cukun madara, da albasar Galmi. Saƙon murya ya fi rubutu amfani a tsakanin 'yan zaurukan da ke ɓangarorin iyakar biyu, domin bokon Maraɗi na Faransanci ne, na Katsina kuma na Ingilishi, amma Hausa ta haɗa su. Rufe iyakar da aka yi a watan Agustan 2019 ya takura shigowar kaya, sai dai bai hana musayar dabarun girki ta waya ba.