Yaron da ya haddace littafi amma bai iya haɗa baƙi ba

A gidaje da yawa akwai yaron da ya kai aji uku ko huɗu a firamare, yana iya rera shafi guda na littafinsa da ka, amma in aka rufe hoton da tafin hannu, aka nuna masa kalma ɗaya a tsakiyar layi, sai ya yi tsuru-tsuru. Wannan yaro ba daƙiƙi ba ne. Ba a taɓa zaunar da shi an nuna masa cewa kowane baƙi yana da sautinsa, kuma karatu haɗa sautukan ne ba. Ana iya fara gyaran daga gida.

1. Ku fara gano inda ya tsaya. Ku rubuta masa kalmomin da ba su cikin littafinsa, har da gaɓoɓin da ba su da ma'ana, irin su "numo". Wanda ya iya haɗa baƙi zai karanta su, mai hadda kuwa zai tsaya cak. A Ingila tun 2012 ake yi wa 'yan shekara shida irin wannan gwaji da kalmomi 40, rabinsu ƙirƙirarru ne, don kada hadda ta ɓoye matsalar.

2. Ku koyar da sauti, ku ajiye waƙar "e, bi, si, di". Sunayen Ingilishi ne waɗannan, kuma suna rikita ɗan Bahaushe. An ce masa sunan c "si" ne, to ta yaya zai karanta "cokali"? Ku fara da wasula biyar, a, e, i, o, u, sannan baƙi ɗaya, ku ɗora masa wasali: ma, mi, mu. Wannan hanya ba baƙuwa ba ce a wurinmu. Makarantar allo ta daɗe tana bi da yaro ta babbaƙu, sannan farfaru, kafin ya kai ga karatu a zube. Kuma rubutun bokon Hausa yana da sauƙin da Ingilishi ba shi da shi: kusan yadda aka rubuta haka ake faɗa.

3. Kaɗan-kaɗan. Baƙi biyu ko uku a mako sun isa, minti goma zuwa sha biyar a rana, bayan la'asar ko bayan an ci tuwon dare.

4. Ku ba shi abin karantawa da aka gina da baƙaƙen da ya riga ya sani kawai. A ganina a nan ne iyaye masu kyakkyawar niyya suka fi yin tuntuɓe. Uba zai sayo littafi mai kyan hotuna, cike da kalmomin da yaron bai kai gare su ba, yaro kuma ya koma dabararsa ta dā: ya kalli hoto ya yi canke. Tun da ana samun amsa ta hoto, me zai sa ya wahalar da kansa da baƙi?

Irin littafin da ake bukata kuna iya yin sa da hannunku. A ninke takarda biyu ta zama ɗan littafi. In yaro ya san a, i, k, m, n, t, a rubuta jimla ɗaya a kowane shafi da manyan haruffa: "Ina Mati?" "Mati na nan." "Kaka ta kama Mati." Babu baƙi ɗaya a ciki da zai gagare shi. Ya ɗora yatsa a ƙarƙashin kowace gaɓa, ya faɗa a hankali, sannan ya maimaita da sauri. In ya gama shafin, shi zai zana hoton da kansa. Mako mai zuwa, da an ƙara f, sai kifi da tafi su shigo labarin. Ku dubi fuskarsa ranar da ya kai ƙarshen littafin ba wanda ya faɗa masa ko kalma ɗaya.

Ku tambayi malaminsa ma ko yana da irin wannan littafi. Shirin RANA a Katsina da Zamfara, da littattafan Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, an tsara su ne a kan koyon sautin baƙi da gaɓa da Hausa, kuma ana iya samun malamin da ya sami horon ko ya ajiye kwafi.

5. In ya maƙale, kada ku faɗa masa kalmar, kada kuma ku ce ya duba hoto. Ku rufe sauran kalmar da yatsa, ku bar gaɓar farko, ku jira. Jiran nan yana da wuya ga babba, amma shi ne darasin.

6. Ku ba baƙaƙe masu lanƙwasa ranarsu ta daban: ɓ, ɗ, ƙ, da 'y, wadda ake rubutawa ƴ a Nijar. Ku jera masa kafa da ƙafa, bari da ɓari, ya ji bambancin da kunnensa kafin ya gani da ido. Haka sh, ts, kw da gy: haruffa biyu ne, sauti ɗaya.

7. Ingilishi ya biyo baya. Haruffansa 26 ne amma sautukansa sun haura 40, shi ya sa tsarin Jolly Phonics da ake amfani da shi a makarantun gwamnati da yawa a Najeriya yake koyar da sauti 42, yana farawa da s, a, t, i, p, n. Yaron da ya gane haɗa baƙi da harshen da yake magana da shi ba zai sake koyon dabarar daga farko ba.

8. Ku ci gaba da karanta masa manyan labarai, ko Magana Jari Ce ta Abubakar Imam, ko tatsuniyar kakarsa. 'Yan littattafan da kuke yi masa da hannu ba su da yalwar kalmomi, kunne ne zai cike wannan giɓi.

9. A ajiye bulala, a hana yayye yi masa dariya. In kuma an yi wata uku ana bin wannan hanya kullum, yana ta juya b da d ko yana manta sautin jiya, a kai shi asibiti a duba ido da kunne tukuna. In lafiyarsu ƙalau, a je a zauna da malamin ajinsa, domin akwai yaran da ƙwaƙwalwarsu ke bukatar maimaici fiye da na sauran kafin sauti ya zauna.