CIYAYIN DA KE KASHE TAFKI DA YADDA AKE MAGANINSU

A ƙasar Kucheri da Tsafe, har zuwa Bungudu inda Gulbin Sakkwato ya ratsa, tafki da kududdufi dukiya ce. Nan ake shayar da dabbobi, nan ake ɗiban ruwan lambu da rani, waɗansu kuma sun fara zuba kifi a ciki. Amma tafki yakan mutu idan aka bar ciyawa ta rufe shi, kuma ba kowane tsiro ne abokin gaba ba. Bado da burugu suna da amfani. Lalle ne mai tafki ya san waɗanda zai yaƙa.

Na fari ita ce gansakuka. Ruwa ya yi kore kaɗan ba laifi ba ne, abincin ƙananan kifi ke nan. Ga yadda ake gwadawa: mutum ya tsoma hannu har gwiwar hannu. In yana hangen tafinsa dushi-dushi, ruwa lafiya lau. In tafin ya ɓace tun bai yi nisa ba, koren ya yi yawa. Abin da ke kawo haka shi ne kashin shanu da takin zamani da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Da dare gansakuka takan shanye iskar da ke cikin ruwa, shi ya sa da asuba akan tarar da kifi sun taso sama suna haki. Sai a rage abinci da taki, a sake wani kashi na ruwan in da hali.

Kainuwa kowa ya san ta, ana ce mata dashen Allah domin ba ta kafa saiwa a ƙasa. Kwashe ta da sauƙi ne, da taru ko dogon gora. Tana da wata baƙuwar 'yar'uwa mai fure shuɗi-shuɗi da kumburarren wuyan ganye, wadda asalinta Amurka ta Kudu ne. Ta bayyana a ruwan Badagiri kusa da Ikko a 1984, daga baya ta shiga Kogin Kwara. Cikin mako biyu takan ninka kanta. Wanda ya gan ta kada kyan furenta ya ruɗe shi ya kai gida.

Wadda ta fi su duka barna ita ce kachala. Doguwa ce, takan fi mutum tsayi, ganyenta siriri, kanta kamar zangarniyar gero mai ruwan ƙasa. Kan nan guda yana ɗauke da 'ya'ya dubbai, iska ce ke watsa su, saiwarta kuwa tana rarrafe cikin laka tana fid da sababbi. Mutanen Hadejiya da Nguru sun ga aikinta. Bayan an gama madatsar Tiga a 1974 da ta Challawa a 1992, ruwan da a dā yake cika da damina ya janye da rani sai ya zauna shekara duka a waɗansu wurare. Kachala ta samu abin da take so. Ta toshe hanyoyin ruwa, ta cinye gonakin shinkafa da wuraren su, jan baki kuma suka sami maɓoya.

Ƙone ta ba ya kashe ta, saiwar tana nan, da ruwa ya zo za ta tofo. Dabarar ita ce a sare ta da lauje ko adda a ƙarƙashin ruwa, yadda kututturen zai nutse sarai, kamar taki guda. Dalili kuwa, ta cikin kara saiwar ke samun iska. In ruwa ya rufe karan sai ta shaƙe ta ruɓe. A yi saran kafin ta fid da kai, a maimaita sau biyu ko uku in ta sake leƙowa. Aikin gayya ne, ba na mutum ɗaya ba.

Kada a zuba maganin feshi ko guba a ruwan da mutane da dabbobi ke sha. Masu shiga aikin su sa dogon takalmin roba, gama cikin ciyayin nan ne katantanwar da ke ɗauke da tsargiya ke zama. Abin da aka kwaso a kai shi tudu nesa da gaɓa ya bushe, sa'an nan a zuba a ramin taki. In an ga tsiron da ba a sani ba, a tuge guda a kai wa malamin gona na ƙaramar hukuma ya duba.