Darasi Daga Ƙashi da Haure: Mutanen Da Ma Injiniyoyi Ne

Duk wanda ya zauna lakcar sanin kayan aiki ya ji malam yana nanata cewa kafin ka ƙera abu, sai ka san halin abin da za ka ƙera da shi. Ashe wannan darasi ya girmi makarantarmu da shekaru dubbai. Masu tono kayan tarihi sun gano cewa mutanen da, tun ba su san ƙarfe ba, suna zaɓar ƙashi ko haure gwargwadon aikin da ke gabansu.

Mu fara da Afirka. A Katanda, bakin kogin Semliki a ƙasar Kongo, an tono kawunan masu na ƙashi, masu kunnuwa kamar na kibiya, waɗanda aka ƙiyasta sun kai shekara 90,000. Tare da su an sami ƙasusuwan manyan tarwaɗa. To me ya sa ba su yi da dutse ba? Dutse na da kaifi, amma tsinin dutse mai tsawo saurin karyewa yake yi. Shi kuwa ƙashi yana ɗan lanƙwasa kafin ya karye, ana iya goga shi a fitar masa da kunnuwa, ta yadda in ya shiga jikin kifi ba fita.

Nan gida ma akwai misali. A tudun Daima da ke Borno, inda Graham Connah ya yi tono a shekarun 1960, ƙasar laka ce, dutse sai an ɗauko daga nesa. Mutanen wurin sai suka koma ga ƙashin dabbobi, suka yi ta ƙera masun kamun kifi da shi. Wato abin da ke hannu, da shi ake aiki.

Sai mu tsallaka Jamus, inda za mu ga bambancin ƙashi da haure ƙarara. A kogon Hohle Fels, a 2008, an sami sarewa mai huji biyar da aka yi da ƙashin fiffiken ungulu, shekarunta sun haura 35,000. Ƙashin tsuntsu dama da rami a cikinsa, huji kawai za ka yi. Amma a wani kogo kusa da nan, Geissenklösterle, an sami sarewar hauren mamot, wata giwa mai gashi da ta ƙare a duniya. Haure ba shi da irin wannan rami. Dole maƙerin ya sassaƙa sanda, ya tsaga ta biyu a tsaye, ya rarake kowane ɓari, sannan ya haɗe su yadda iska ba za ta zurare ba. Duk da wuƙar dutse fa! Ɗan sashen injiniya, ka gwada kwatanta wannan a ranka.

Haure ya fi daɗin sassaƙa siffa, domin dunƙule yake kuma yana sheƙi. Da shi aka yi mutum-mutumin nan mai kan zaki da jikin mutum, wanda aka tono gutsattsarinsa a kogon Hohlenstein-Stadel a 1939. Tsayinsa kusan santimita 31, shekarunsa wajen 40,000. Wani masani ya gwada sassaƙa irinsa da kayan dutse, sai da ya ci sa'o'i sama da 350.

Abin lura shi ne, yawancin wannan ilimi ba daga kayan kaɗai aka same shi ba, daga inda aka tarar da su kwance ne: zurfin ƙasa, toka, da ƙasusuwan da ke gefe. Da zarar an ciro abu an sa a aljihu, rabin labarinsa ya tafi. Da yawanmu gobe za mu tsinci kanmu a wurin aikin hanya ko haƙa harsashin gini. In shebur ya fito da tsohon ƙashi mai alamar sassaƙa, a dakata, a ɗauki hoto a inda yake, a sanar da gidan tarihi mafi kusa.