Fuka: Darasi Daga Ɓera

Da hunturu, ina gwajin koyarwa a Zuba, na tsawata wa wata budurwa don ta ƙi shara. Ashe fuka gare ta.

Fuka ta fi kama maza a ƙuruciya, bayan balaga kuwa mata. Me ya sa?

A 2017 masana a Faransa da Ostareliya suka shaƙa wa ɓeraye ƙwarin ƙurar ɗaki. Huhun matan ya fi kumbura. A wani gwajin aka dandaƙe mazan, sai bambancin ya gushe. Watau sinadarin namiji, testosteron, yana danne ƙwayoyin da ke kumbura huhu.

Lalle ɓera ba mutum ba ne, amma ishara ce. 'Yan'uwa malamai, yarinya in ta ce ƙirjinta ya toshe, a karɓi tsintsiyar, a kai ta asibiti.