Lamba Ɗaya Ga Kowane Mutum: Abin Da Ya Sa Japanawa Suka Daɗe Suna Ɗari-ɗari Da Katin Shaida

Ƙasar Japan ta yi suna wajen ƙere-ƙere, saboda haka mai karatu zai iya zaton cewa raba katin shaida a can abu ne mai sauƙi. Ba haka al'amarin ya kasance ba. Sai da aka shafe fiye da shekara 40 ana kai ruwa rana kafin a kai ga tsarin da ake amfani da shi a yau.

Yadda lambar take aiki

Ofishin haraji yana da kundinsa, na fansho ma haka, na inshorar lafiya ma haka. Idan kowane kundi yana da tsarin lambobinsa daban, da wuya a tattara bayanan mutum guda. Amma idan aka ba shi lamba ɗaya tilo, sai ta zama mabuɗi: kwamfuta za ta iya haɗa kundayen nan take. Amfanin haka a fili yake. A 2007 an gano bayanan fansho kimanin miliyan 50 waɗanda ba a san masu su ba. Sai dai haɗarin ma daga nan yake fitowa, domin duk wanda mabuɗin ya faɗa hannunsa zai iya sanin sirrin mutum gaba ɗaya.

Tarihin takaddamar

A wajajen 1970 gwamnati ta yi yunƙurin ba kowa lamba, jama'a suka ƙi, suna cewa ana so a liƙa musu lamba a gadon baya kamar 'yan wasa. A 2002 aka fara tsarin Juki Net mai alƙaluma 11, wanda ya haɗa rajistar mazauna ta ƙananan hukumomi. Garin Yamatsuri da unguwar Suginami ta birnin Tokyo suka ƙi shiga, wasu mutane kuma suka garzaya kotu. A 2008 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsarin bai saɓa wa tsarin mulki ba, duk da haka Yamatsuri bai shiga ba sai a 2015.

Tsarin yanzu, mai suna My Number, an yi dokarsa a 2013, ya fara aiki a watan Janairun 2016. Lambar tana da alƙaluma 12, na ƙarshen ana lissafo shi ne daga sauran 11 domin kwamfuta ta gane idan an yi kuskuren rubutu. Kowane mazauni yana da lamba, amma karɓar katin ba dole ba ne.

Tushen fargabar

Na farko, mutane ba su manta da yadda 'yan sandan asiri suka riƙa bibiyar jama'a kafin 1945 ba. Na biyu, an taɓa amfani da rajistar iyali ta 1872 wajen binciko asalin mutanen da ake kira Burakumin don a hana su aure ko aiki, har aka hana duba ta a 1968. Na uku, a 2015 ɓarayin intanet sun sace bayanai kimanin miliyan 1.25 daga hukumar fansho. A 2023 kuma aka gano an haɗa katunan wasu da bayanan lafiyar wasu mutane daban, abin da ya sa waɗansu suka mayar da katunansu.

Kammalawa

Gwamnati ta bi da lallami, ta ba masu karɓar katin tukuicin da ya kai yen 20,000, sannan a Disambar 2024 ta daina buga tsohon katin inshorar lafiya. Yanzu mafi yawan jama'a sun karɓa. Amma gardamar ba ta tafi a banza ba: ba a tara bayanai a rumbu guda, kowace hukuma tana riƙe da nata, kuma doka ta ƙayyade ayyukan da za a nemi lambar dominsu. Darasi ga ɗalibi shi ne, ingancin na'ura kaɗai ba ya wadatarwa sai jama'a sun amince da masu riƙe da ita.

Tambaya don nazari: wane bayani ne ya kamata hukuma ta sani game da kai, wane ne kuma bai kamata ba?